Inda Ƙwallo Ta Sauka da Inda Ta Tsaya

Ƙwallon golf 'yar mitsitsiya ce. Faɗinta ya ɗan haura santimita 4, nauyinta bai kai giram 46 ba, jikinta kuma cike yake da 'yan lotsattsun gurabe sama da 300. Ramin da ake so ta faɗa bai kai santimita 11 a faɗi ba, ga shi can nesa, wani lokaci mita 400 ko fiye daga inda aka fara bugu. Ramuka 18 ake zagayawa a yini, kowa da ƙwallonsa da sandunansa, waɗanda doka ta ce kada su wuce 14. A manyan gasa kwana huɗu ake yi, a zagaya ramuka 72, wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ne gwani.

A ƙarshen watan Yuli akan taru a Birtaniya domin gasar Senior Open, wadda sai ɗan wasa ya cika shekara 50 yake shiga. An fara ta a 1987 a Turnberry da ke gaɓar tekun Sikotlan, Neil Coles ɗan Ingila ya lashe ta farko, kuma tun 2003 ake lissafa ta cikin manyan gasannin dattawa na duniya. Wasu shekarun akan kai ta filayen cikin ƙasa irin su Sunningdale da Gleneagles, amma gidanta na asali shi ne filayen bakin teku da Turawa ke kira links, irin su Turnberry, Carnoustie, Muirfield, Royal Portrush da Royal Porthcawl.

Wanda ya kafa ido a kan ƙwallon a irin wannan fili zai ga wani abu da zai tsayar da shi. Ga dattijo, furfura ta leƙo ta ƙarƙashin hula. Tutar da ke nuna ramin na kaɗawa can gabansa, amma ba ita yake duba ba. Wani ɗan tudu yake duba, gefen hagu, da sauran tazara kafin tutar. Ya ɗaga sanda bai kai ta ƙarshe ba, ya sauke ta ba tare da wani yunƙuri ba. Ƙwallon ta fita ƙasa-ƙasa, ta dira inda babu kowa, ta yi tsalle biyu, ta kama gudu. Ta hau tudun nan, ta karkata dama, ta gangara a hankali, ta je gindin tuta ta tsaya. Wanda bai san wasan ba zai ce sa'a ce. Sai ya ga an maimaita a rami na gaba, da na gabansa.

Sirrin yana cikin ƙasar. Filin links jigawa ce da ke tsakanin teku da gonaki. Shekaru dubbai da suka wuce ruwan teku ya ja da baya ya bar yashi, iska ta tattara yashin ta yi tuddai da kwaruruka, wata doguwar ciyawa mai zurfin saiwa ta kama tuddan ta hana su tafiya. Tsuntsayen teku suka zuba taki, siririyar ciyawa mai jure gishiri da fari ta fito a kwaruruka, zomaye da tumaki suka riƙa kiwo suna datse ta. Manomi bai ga amfanin wurin ba, domin yashi ba ya riƙe ruwa, itatuwa ma ba sa tsayawa saboda iska. Sai aka bar wa jama'a suna kiwo suna wasa, a nan golf ta girma. Ta kama zukatan mutane har majalisar Sikotlan ta haramta ta a 1457 saboda ta ɗauke hankalin maza daga koyon harbin baka. A 1744 aka rubuta dokokinta na farko a Leith, a 1860 kuma aka fara babbar gasar Open a Prestwick. A yau filayen golf a duniya sun haura 30,000, amma links na gaskiya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, mafi yawansu a Birtaniya da Ailan.

Ruwan sama yana zuba a wannan ƙasa, yashi ya shanye nan take, iska ta busar da sauran. Saboda haka ƙasar tauri gare ta, ciyawarta gajera, a lokacin zafi har ta koma ruwan ƙasa. Babu wanda ya daidaita ta da injin. Duk wani ƙusumbi da lotsawa da iska ta bari suna nan.

A yawancin filayen duniya, musamman na Amurka, labarin daban ne. Ana ban ruwa kullum, ciyawa ta yi kauri, ƙasa ta yi laushi, itatuwa sun kare iska. Ɗan wasa ya auna nisan tuta, ya cilla ƙwallo sama, ta faɗo ta lotsa ƙasa ta tsaya kusan inda ta dira. A can tafiyar ƙwallo ɗaya ce, ta sama. A links kuwa tafiya biyu take yi. Ta farko a cikin iska, daga fuskar sanda zuwa inda ta dira. Ta biyu a ƙasa, daga inda ta dira zuwa inda gudunta ya ƙare, kuma idan fili ya bushe, iska na baya, wannan ta biyun tana iya kai mita 40 ko 50. Mai ƙarfi yana da iko a kan ta farko. Ta biyun sai wanda ya san ƙasar.

Ga kuma iska, wadda ba ta hutawa a bakin teku. A nan ne gurabun jikin ƙwallo suke nuna aikinsu. Idan sanda ta daki ƙwallo, tana tafiya gaba tana juyawa da baya, gurabun suna riƙe iskar da ke kewaye da ita, juyin kuma yana ɗaga ta sama. Gwargwadon ƙarfin bugu, gwargwadon yawan juyi. Idan iska na fuskantar ɗan wasa, ya ce bari ya ƙara ƙarfi ya keta ta, juyin zai ƙaru, ƙwallon ta yi ta hawa sama, iska ta tare ta a can, ta faɗo kusa da shi fiye da yadda ya so, wani lokaci ma ta kauce cikin ƙaya. Ƙarfin da ya ƙara shi ya ba iska abin kamawa.

Dattijo ya san wannan, don haka akasin haka yake yi. Yakan ajiye sanda mai kishingiɗaɗɗiyar fuska, wadda ke cilla ƙwallo sama, ya ɗauki mai fuska a tsaye. Ya sauko da hannunsa ƙasa kaɗan a jikin sandar, ya sa ƙwallon kusa da ƙafarsa ta baya, ya rage bugun, ya tsayar da sandar kafin ta kai kafaɗa. Ƙwallon ta fita ba juyi da yawa, ta bi ƙasa-ƙasa inda tuddai da ciyawa suka rage wa iska gudu. Haka mai shiƙar hatsi take yi a bakin masussuka: idan iska ta yi ƙarfi sai ta sauko da ƙwaryarta kusa da tabarma, don kada tsaba ta bi ƙaiƙayi. Wani lokaci ma dattijon ba ya ɗaga ƙwallon ko kaɗan. Yana nesa da farfajiyar rami zai ɗauki sandar gungurawa, ya tura ta a ƙasa tun daga ƙafarsa har gindin tuta.

Abin mamakin shi ne yadda wannan fili yake rage tazarar da ke tsakanin shekaru. Ɗan shekara 60 ba zai cilla ƙwallo nisan ɗan shekara 25 ba, kafaɗa ta yi nauyi, ƙugu ba ya juyawa kamar da. Amma ƙasa mai tauri tana mayar masa da wani abu daga nisan da shekaru suka karɓe, iska kuma tana hukunta mai cillawa sama. Gary Player na Afirka ta Kudu ya lashe Senior Open sau uku, na ƙarshe a Royal Portrush a 1997 yana da shekara 61. Tom Watson na Amurka, wanda ya ci babbar Open sau biyar tsakanin 1975 da 1983, ya dawo ya ci ta dattawa a 2003, 2005 da 2007, biyu daga ciki a Turnberry da Muirfield, filayen da ya yi nasara a kansu yana matashi. Bernhard Langer na Jamus, wanda ya fara da ɗaukar wa wasu jakar sanduna yana yaro, bai taɓa cin babbar Open ba, sau biyu yana zuwa na biyu. Amma ta dattawa ya ci ta sau huɗu, a 2010, 2014, 2017 da 2019, duka a filayen links, na ƙarshe yana da shekara 61.

Royal Porthcawl da ke kudancin Wales ta karɓi gasar sau uku, kowane karo da fuskar da ta nuna. A 2014 rana ta gasa filin ya bushe ƙamas, Langer ya gama da bugu 266, ya ba Colin Montgomerie da ke biye da shi tazarar bugu 13. A 2017 aka yi ruwa da iska, shi ɗin dai ya sake ci, amma da bugu 280. A 2023 yanayi ya ƙara tsananta, har Alex Cejka da Padraig Harrington suka gama da 289 kowannensu, Cejka ya yi nasara a bugun raba gardama. Ramukan ba su tashi daga wurin ba, tuddan suna nan inda suke. Iska da ruwa ne suka sauya, wanda kuma ya zo da lissafin bara ya tarar ba ya aiki bana.

Idan aka daɗe ana kallon wannan tafiya biyu ta ƙwallo, sai a fara ganin ta a wani wuri dabam. Duk abin da ya fita daga bakin ɗan Adam ko hannunsa haka yake tafiya. Magana tana tashi daga baki ta dira a kunne, wannan gajeriyar tafiya ce, mai maganar yana ganin ta da idonsa. Daga nan sai ta biyu ta fara. Ta shiga zuciya ta yi tsalle, ta ci karo da wani tsohon ciwo ta karkata, ta gangara zuwa kunnen wani da ba shi aka nufa ba, ta kwana tana gudu, wani lokaci ta shekara. Mai ita ya tashi ya tafi tuntuni, yana ganin ya gama. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, amma ko bayan an san ba ta komawa, kaɗan ne suke tsayawa su auna iyakar inda za ta je.

Uba ya ga ɗansa ya yi kuskure, ya tsawata masa a gaban abokansa. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ya nufi tuta ya kuma same ta. Sai dai zuciyar saurayi a gaban tsararrakinsa busasshiyar ƙasa ce, kunya ta ƙafar da ita. Maganar ta dira a kan gyara, ta wuce gyara, ta gangara ta faɗa cikin ƙullaci. Uban yana mamakin yadda gaskiya ta haifi taurin kai, alhali nisan sama kaɗai ya auna.

A duba kuma yadda tsohuwa mai hankali take shiga tsakanin ma'auratan da suka saɓa. Ta san laifin, ta san mai shi. Amma ba ta can take farawa ba. Ta tambayi lafiyar yara, ta tuna wa matar wani alheri da mijin ya taɓa yi, ta ba mijin labarin wani gida da ƙaramin abu ya rusa, ta yi shiru kafin ta kai ga kalmar da kowa ke jira. Ta sauke maganarta da sauran tazara, a wurin da ta san ƙasa za ta ɗauke ta. Sauran tafiyar mai laifin ne zai ƙarasa da kansa cikin dare, kuma gaskiyar da mutum ya isa gare ta da ƙafarsa ita ce take zama.

Iska ma tana da nata darasin a nan. Idan ana cikin husuma, iska a fuska take, ba mai sauraron wani. Wanda ya ɗaga murya don ya keta ta, maganarsa sama take yi, ta dawo kusa da shi ba ta isa ko'ina ba, ya ƙara ɗagawa, ta ƙara dawowa. Wanda ya sassauta murya ya rage kalmomi, tasa ce take ratsawa ta ƙasa ta isa. Akwai kuma wanda iska ke bayansa kullum, wato mai mulki, mai dukiya, mai gida, malami a gaban almajiransa. Kalma ɗaya daga gare shi tana tafiyar da goma daga wani ba za su yi ba. Shugaba ya ce a ɗan duba masu kasa kaya a bakin hanya. Kafin maganar ta gangaro daga ofis zuwa ofis ta kai ga ƙaramin ma'aikaci, ta zama kifar da tire da ƙwace jari. Shi bai ce a yi haka ba, amma shi ya buga, kuma ya kamata ya san a kan gangare yake tsaye. Ɗan wasan da iska ke bayansa ragewa yake yi. Mai iko da ya san kansa haka yake auna kalmarsa.

Mutum yana iya rayuwa shekaru bai gane wannan ba idan a jiƙaƙƙen fili ya tashi. Wanda ke kewaye da masu cin abinci a hannunsa, duk abin da ya jefa sai su shanye su ce ranka ya daɗe, yana ɗauka maganarsa tana tsayawa inda ta dira. Ba ta tsaya ba, ban ruwa ne ya ɓoye gudunta. Ranar da ruwan ya janye, ko ya fita inda ba a san shi ba, sai ya ga irin nisan da kalmominsa suka saba yi.

Kada kuma a ɗauka saukewa kafin tuta tsoro ne. Dattijon nan ramin yake so, bai canza manufa ba, hanya ya zaɓa. Wanda ya ja hannu don fargaba, ƙwallonsa ba ta da gudun hawa tudu, sai ta komo baya ko ta maƙale a tsakiya. Haka mai ɓoye gaskiya da sunan lallashi, maganarsa ba ta isa inda gyara yake. Mai hikima da matsoraci duk sun sauke da sauran tazara, amma ɗaya ya ba tasa gudun da zai kai ta, ɗayan ya hana ta.

A cikin filin akwai wani abin dubawa, shi ne tarkon yashi. Asalinsa wuraren da tumaki ke fakewa daga iska ne, suka kwanta suka tone, iska ta ƙara zurfafawa. Daga baya masu kula da fili suka riƙa yanko faifan ciyawa da ƙasarsu suna jerawa ɗaya bisa ɗaya, har gaban tarkon ya zama bango a tsaye, wani ya fi tsayin mutum. A tsohon filin St Andrews akwai 112. Da ido bakinsu ƙarami ne, amma ƙasar da ke kewaye da su gangare ce mai zubawa ciki, don haka ƙwallon da ta dira nesa da tarkon tana iya mirginawa a hankali har ta faɗa. Girman tarko ya haɗa da duk ƙasar da ke kai wa gare shi. Shi ya sa masu wayo ba sa cewa za su ratsa ta gefensa da ƙyar, nesa suke ba shi. A 2000 Tiger Woods, yana da shekara 24, ya zagaya ramuka 72 a St Andrews bai shiga ko ɗaya ba, ya lashe Open. Ashe wannan ilimi ba a hana matashi shi ba, idan ya yarda ya koya da wuri.

Bashi haka yake, caca haka take, haka ma abotar banza da ƙaramar ƙarya. Ba wanda yake nufar tsakiyarsu. Kusa da su ake dira, ana cewa ai da sauran tazara, gangaren ya ƙarasa aikin.

Idan kuwa an riga an faɗa, nan ake gane wanda shekaru suka koyar. Tuta na gaba, bango na gaba, zuciya na cewa a gwada. Sau da yawa ƙwallon takan daki bangon ta komo, har ta faɗa cikin sawun ƙafar mai bugun, inda ya fi na farko muni. Gogaggen ɗan wasa yakan juya wa tuta baya, ya fitar da ƙwallon ta gefe ko ma ta baya, ya karɓi asarar bugu ɗaya don kada ta zama uku. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Wanda ya ce na yi kuskure, ku yafe ni, tun a karon farko, ya biya bugu ɗaya. Wanda ya tsaya kare kansa yana ƙara ƙarya a kan ƙarya, bango yake duka. Ko manyan ma ba su tsira ba. A 2013 a Royal Birkdale, Langer ya zo rami na ƙarshe yana gaba da bugu biyu, ƙwallonsa ta shiga tarkon yashi, bugun farko bai fitar da ita ba, tazarar ta narke, Mark Wiebe ya doke shi a raba gardama washegari. Shekara ɗaya bayan haka ne ya yi nasarar nan ta tazarar 13. Faɗawa tarkon bai zama ƙarshen labarinsa ba, domin bai zauna a ciki ba.

Duk da haka, ilimin ƙasa yana da iyaka, kuma babu inda aka ga iyakar kamar Turnberry a Yulin 2009. Ba gasar dattawa ba ce, babbar Open ce ta kowa da kowa. Tom Watson yana da shekara 59, ba a cika shekara da yi masa aikin sauya ƙashin ƙugu ba, ga shi yana gaban matasan duniya har rami na 72. Bugu huɗu yake bukata ya zama mafi tsufan wanda ya taɓa cin babbar gasa. Na farko ya sauka tsakiyar fili. Na biyu ya fita tsaf, ya miƙe sak zuwa tuta, ya dira a gaban farfajiya inda ya kamata. Sai ƙwallon ta yi tsalle mai ƙarfi, iska na bayanta, ta ratsa farfajiyar duka ta gangara ta baya. Ya ƙare ramin da bugu biyar, Stewart Cink ya doke shi a ramuka huɗu na raba gardama. Mutumin da duniya ta shaida ya san links fiye da kowa a zamaninsa ya auna, ya buga daidai, ƙasa ta yi abin da aka ƙaddara mata.

Tsohuwar ƙa'idar wasan ita ce a buga ƙwallo daga inda aka same ta. Ko ta faɗa lotsawar da wani ya bari, ko ta tsaya a gangare, ba a ɗauka a gyara mata wuri sai inda doka ta yarda. Babu alƙali a kan kowane ɗan wasa, shi ne yake faɗa da bakinsa idan ya motsa ta bisa kuskure, ya ƙara wa kansa bugu. Wannan ya raba aiki gida biyu. Aunawa da bugawa na bawa ne, kuma za a tambaye shi a kansu. Tsallen ƙarshe na Mai iska da ƙasa ne. Wanda ya bar aunawa ya ce ai komai ƙaddara ne ya yi sakaci, wanda kuma ya auna ya zaci sakamako a tafin hannunsa yake ya yi girman kai. Watson ya tsaya gaban 'yan jarida a ranar ba tare da ya zargi kowa ba, ya ci gaba da zuwa gasar dattawa har 2019, inda ya yi bankwana da ita a Royal Lytham yana da shekara 69.

Tsufa kansa ba ya ba da wannan ilimi kyauta. Akwai mai furfurar da har yanzu yake son ya yi bugun ɗan shekara 25, ya ƙi yarda kafaɗa ta canza, sai ya rasa nisan samari ya kuma rasa dabarar manya. Waɗanda suke daɗewa a wannan gasa su ne suka karɓi abin da aka rage musu ba tare da jayayya ba, suka juya ga abin da aka ƙara musu: haƙurin jiran iska ta lafa, sanin inda ba a zuwa, da tuna dubban ƙwallayen da suka gani suna gangarawa inda ba a so. Kowace asara ta baya ta zama taswira a kansu. Idan aka ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ba kaifin ido ake nufi ba. Babban ya taɓa tsayawa a wurin, ya ga inda abin ya ƙare.

Akwai hikima a yadda Mahalicci ya jera waɗannan kyaututtuka biyu. Ƙarfi yake fara bayarwa, sanin ƙasa ya biyo baya, kuma da wuya su cika a jiki ɗaya a lokaci ɗaya. Da an haɗa wa mutum duka tun farko, da bai nemi kowa ba. Da aka raba su, sai matashi ya bukaci idon dattijo, dattijo ya bukaci kafaɗar matashi. A wannan gasa akan ga ɗa yana saɓe da jakar mahaifinsa, suna tafe suna shawara a kan sandar da za a ɗauka, yaron yana ɗauke wa uban nauyi, uban yana nuna masa tudun da za a nufa da dalilin nufarsa. Gida ko gari da ya ajiye tsofaffinsa gefe ya zubar da taswirarsa, dole kowane sabon tashi ya faɗa tarkon da kakansa ya riga ya sani. Dattijon da ya riƙe saninsa bai koyar ba shi ma ya yi asara, domin ilimin zai bi shi kabari. Matashi ya tambaya tun ƙarfinsa na nan, babba ya faɗa tun ana iya jin muryarsa, sai a samu ƙarfi da sani a tafiya ɗaya.